Karatu a Ƙasar Waje da Tafiye-tafiyen Ɗalibi: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda ya samu gurbin karatu a wata ƙasa yakan ɗauka da zarar an buga masa biza, wahala ta ƙare. Alhali a nan ne ma lissafi yake farawa: ina zai kwana, wace takarda ce za ta ba shi damar zama, kuma in hutu ya zo, ko zai iya leƙa maƙwabciyar ƙasa ya dawo lafiya. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai da iyayensu suka fi yi. Dokokin shige da fice suna sauyawa lokaci zuwa lokaci, saboda haka kafin ka sayi kowane tikiti, ka leƙa ofishin kula da ɗaliban ƙasashen waje na jami'arka ka sake tabbatarwa.

Biza da takardar izinin zama, ba abu ɗaya ba ne?

A'a, kuma rashin gane bambancinsu ya jefa ɗalibai da dama cikin tasku. Biza izinin zuwa bakin iyaka ce. Takardar zama kuwa ita ce take ba ka damar ci gaba da kasancewa a cikin ƙasar. A Jamus, alal misali, bizar da aka buga maka a fasfo ta 'yan watanni ce, sai ka isa ka je ofishin kula da baƙi ka nemi katin zama kafin ta ƙare. A Turkiyya ma haka abin yake, sai ka nemi katin zaman da suke kira ikamet.

Tsarin Amurka ya sha bamban. Ɗalibi mai bizar karatu ta F-1 yana iya ci gaba da zama ko da ranar da ke jikin bizar ta wuce, muddin takardarsa ta I-20, wadda makaranta take bayarwa don shaidar ɗalibinta ne, tana aiki kuma yana karatu yadda aka tsara. Amma ranar da ya fita daga ƙasar, ba zai komo ba sai da sabuwar biza, in ban da wata 'yar sassauci da ake yi wa gajeriyar tafiya zuwa Kanada ko Meziko. Sabuwar bizar kuma a ofishin jakadanci da ke wajen Amurka ake nemanta. Ka san takardar da take riƙe da kai, ka haddace ranar ƙarewarta, ka fara neman sabuntawa tun da sauran watanni.

Me ya kamata in fara yi a makon farko?

Rajistar adireshi, in ƙasar tana buƙata. A Jamus doka ta ba da mako biyu daga ranar da ka shiga gida, kuma ba tare da wannan takarda ba, buɗe asusun banki da neman katin zama duk za su yi maka wuya. A ƙasar Sin, baƙon da bai sauka a otal ba dole ya yi rajista wurin 'yan sanda cikin awa 24. Bayan wannan sai rajistar makaranta, layin waya, asusun banki, da sa suna a wurin likita tun kana lafiya.

Kada ka raina taron maraba da jami'a take shirya wa sababbin ɗalibai. Mutane da yawa suna ƙin zuwa saboda gajiyar hanya, daga baya su shafe zango guda suna lalube kan abin da aka yi bayaninsa cikin awa ɗaya. A wannan makon ne kuma kowa yake baƙo, kowa yana neman wanda zai yi wa magana. Bayan wata guda kowa ya kama abokansa.

Ɗakin kwanan jami'a ya fi, ko haya a cikin gari?

Ga shekarar farko, ɗakin jami'a ya fi kwanciyar hankali. Galibi kuɗin wuta da ruwa da ɗumama ɗaki suna cikin kuɗin hayar, kuma in wani abu ya lalace akwai ofishin da za ka je. Matsalarsa ita ce guraben ba su da yawa, don haka ka nema tun ranar da aka ba ka gurbin karatu.

In haya za ka kama a gari, kada ka tura wa kowa kuɗi kan ɗakin da kai ko wani amintaccenka bai gani da ido ba. Salon 'yan damfara kusan ɗaya ne a ko'ina: hotuna masu kyau, farashi mai sauƙi, mai gida wai yana wata ƙasa, kuma wai mutane da yawa suna layi, sai ka yi sauri. Ka kuma san abin da doka ta ce kan kuɗin ajiyar da ake karɓa. A Jamus ba ya wuce hayar wata uku. A Ingila, ga yawancin gidaje, ba ya wuce hayar mako biyar, kuma dole mai gida ya saka shi a asusun kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. Ranar da ka shiga, ka ɗauki hoton kowane bango da kowace tabo, domin ranar fita za su yi maka shaida.

An yarda ɗalibi ya yi aiki?

A ƙasashe da yawa an yarda, amma da iyaka. A Birtaniya mai karatun digiri yana da awa 20 a mako lokacin da ake zangon karatu, kuma ba a yarda ya yi sana'ar kansa ba. A Kanada, tun watan Nuwamban 2024, awa 24 ne a mako a wajen makaranta. A Ostireliya awa 48 ne cikin mako biyu. Faransa ta ƙayyade awa 964 a shekara, Jamus kuma cikakkun kwanaki 140 ko rabin yini 280. A Amurka, mai F-1 yana iya aikin awa 20 a mako a cikin harabar jami'a, aiki a waje kuwa sai da izini na musamman.

Wuce iyakar nan ba ƙaramin laifi ba ne, yana iya jawo soke takardar zama. Kuma gaskiyar da ya kamata iyaye su ji ita ce, aikin awa 20 yana rage nauyin abinci da sufuri, amma da ƙyar ya biya kuɗin makaranta. Wanda ya taho da niyyar aiki zai biya masa komai yakan ƙare da gajiya a aji, ga bashi.

Ina da katin zama a wata ƙasar Turai. Zan iya zuwa sauran ƙasashen ba tare da biza ba?

In ƙasar tana cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da suka yi yarjejeniyar cire shingen iyaka a tsakaninsu, eh. Yarjejeniyar ta samo sunanta daga wani ƙauye a Luksambok inda aka sa mata hannu a 1985, kuma yanzu ƙasashe 29 ne a ciki, har da huɗu da ba sa cikin Tarayyar Turai: Suwizalan, Norwe, Aisilan da Liktanstain. Mai katin zama ko bizar dogon zama daga ɗaya daga cikinsu yana iya ziyartar sauran na kwana 90 cikin kowane kwana 180. Kwanakin da ka yi a ƙasar da ta ba ka katin ba sa shiga lissafi.

Ga inda ake kuskure. Birtaniya ba ta cikin Shengen, Ayalan ma ba ta ciki. Ɗalibin da ke Faransa, in fasfonsa na ƙasar da ke buƙatar biza ne, ba zai hau jirgin ƙasa zuwa Landan da katin zamansa na Faransa ba. Haka wanda ke karatu a Landan sai ya nemi bizar Shengen kafin ya je Rum, kuma cikin sharuɗɗanta akwai inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Sannan izinin ziyara ba izinin aiki ba ne.

Abu na ƙarshe: rashin shingen iyaka ba ya nufin ka bar fasfo a ɗaki. 'Yan sanda suna shiga bas da jirgin ƙasa su duba takardu, kuma katin zama shi kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da fasfo mai aiki.

Na miƙa takarduna ana sabunta mini izinin zama. Zan iya tafiya kafin ya fito?

Wannan tambaya ta fi duk sauran haɗari, kuma amsar da ta fi aminci ita ce ka zauna. A Birtaniya, wanda ya nemi tsawaita biza daga cikin ƙasar, in ya fita daga yankin Birtaniya da Ayalan kafin a yanke hukunci, ana ɗaukar ya janye buƙatarsa. A Jamus takardar wucin gadi da ake bayarwa iri-iri ce, wata tana ba da damar fita da komowa, wata ba ta bayarwa, bambancin kuma yana cikin sakin layin dokar da aka yi wa alama a jikinta. A Amurka dole jami'in makaranta ya sa hannun tafiya a takardar I-20, sa hannun yana aiki tsawon shekara ɗaya ga mai karatu, kuma wanda ya yi fiye da wata biyar a wajen ƙasar ba tare da karatun da makaranta ta amince da shi ba yakan rasa matsayinsa.

Ma'aikacin kamfanin jirgi da zai duba takardunka ranar komowa ba ya karɓar bayani. Abin da ya gani a takarda shi yake bi, domin in ya ɗauko fasinjan da aka ƙi a iyaka, kamfaninsa ne zai biya tara. In tafiyar ta zama dole, kamar rasuwa ko rashin lafiya a gida, ka je ofishin ɗaliban ƙasashen waje tukuna, ka nemi amsa a rubuce.

Jirgina zai ya da zango a wata ƙasa. Ina buƙatar biza alhali ba zan fita daga filin jirgi ba?

Ya danganta da fasfonka da kuma ƙasar. Amurka ba ta da tsarin wucewa ba tare da shiga ba: duk wanda ya sauka sai ya bi ta wurin jami'an shige da fice, ko da awa biyu zai yi. Ƙasashen Shengen da Birtaniya suna neman bizar wucewa daga 'yan wasu ƙasashe, duk da cewa akwai sassauci ga masu riƙe da wasu bizoji. In kuma hanyarka ta ƙunshi sauka biyu a cikin Shengen, a ce Faris sannan Frankfurt, to jirgin da ke tsakaninsu kamar na cikin gida ne, kana buƙatar cikakkiyar biza.

A kula da tikitin da aka harhaɗa daga kamfanoni biyu daban. Yakan fi sauƙin kuɗi, amma sai ka fita ka ɗauki jakarka ka sake miƙa ta, wato sai ka tsallake iyaka. Kuma in jirgin farko ya makara ka rasa na biyu, babu wanda zai ɗauki nauyinka.

Tikitin jirgin sama mai araha da ake gani, da gaske ne?

Da gaske ne, amma kuɗin kujera kaɗai ka gani. Jaka, zaɓen wurin zama, har buga takardar shiga jirgi a filin, duk ana iya cajinsu daban. Ka kuma duba ainihin inda jirgin zai sauka. Filin Beauvais ana sayar da shi da sunan Faris, alhali yana da nisan kusan kilomita 85 daga birnin. Filin Hahn yana ɗauke da sunan Frankfurt, tsakaninsu kuwa ya kai kilomita 120. In ka haɗa kuɗin bas da awannin da za ka ɓata, wani lokaci jirgin ƙasa ya fi.

Wane rangwame ɗalibi yake samu a sufuri?

Ka fara da katin makarantarka, ka riƙa tambaya a gidajen tarihi da tashoshi, domin sau da yawa ba a rubuta rangwamen a allo. Akwai katin ɗalibi na duniya mai suna ISIC da ake karɓa a ƙasashe da dama. A Birtaniya katin jirgin ƙasa na 'yan shekara 16 zuwa 25 yana rage kashi ɗaya cikin uku na kuɗin tikiti, kuma cikakken ɗalibi da ya haura shekarun yana iya samu. A jami'o'in Jamus da yawa kuɗin rajistar zango ya haɗa da tikitin bas da jiragen ƙasa na kusa.

Tikitin Interrail, wanda aka fara a 1972, yana ba mazaunin Turai damar hawa jiragen ƙasa a ƙasashe 33, kuma ɗalibi baƙo mai izinin zama yana cikin masu iya saye. Wanda bai kai shekara 28 ba yana samun ragi. Sai dai jirage masu gudu da na dare suna buƙatar a kama kujera da ƙarin kuɗi. Bas ɗin dare kamar FlixBus yana da sauƙi kuma yana rage kuɗin kwana ɗaya, amma washegari jiki zai gaya maka.

Yaushe ne lokacin tafiya da ba zai taɓa karatu ba?

Ka buɗe jadawalin shekarar karatu kafin ka buɗe shafin tikiti. A tsarin Turai ana auna nauyin karatu da maki, shekara ɗaya maki 60 ce, kowane maki kuma yana nufin aikin awa 25 zuwa 30. In ka lissafa za ka ga karatun cikakken aiki ne, ko da lacca ba ta cika mako ba. Yawancin aikin a ɗakin karatu yake, kuma babu mai bin ka da tambaya. Makon da aka ware don bita kafin jarrabawa ba hutu ba ne, ko da abokai sun ɗauke shi haka.

Halartar aji ma tana da alaƙa da takardarka. Jami'o'in Birtaniya doka ta ɗora musu sanar da hukuma in ɗalibi ya daina zuwa. Kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin a fitar da ranakun jarrabawa, kuma ka bar kwana ɗaya ko biyu tsakanin dawowa da ranar miƙa aiki.

Iyayena suna ganin yawo ɓata kuɗi ne, tunda karatu aka turo ni. Suna da gaskiya?

Suna da gaskiya a rabin maganar. Kuɗin makaranta, na haya da na inshora ba a taɓa su don tafiya, kuma wanda ya ci bashi don ya ɗauki hoto a gaban wani gini ya cuci kansa. In tallafin karatu kake kai, ka karanta sharuɗɗansa, domin wasu masu bayarwa suna so a sanar da su kafin a fita daga ƙasar.

Amma ɗalibin da ya yi shekara uku ko huɗu tsakanin ɗaki, aji da kanti, ya dawo bai san ƙasar da ya zauna ba, shi ma ya yi asara, kuma asarar da ba a cika lissafa ta ba ce. Mai karatun gine-gine da ya tsaya a ƙarƙashin ƙubbar Aya Sofiya a Istambul, ginin da aka kammala a shekara ta 537, zai fahimci abin da zane a littafi ba zai ba shi ba. Mai karatun tarihi da ya bi sawun katangar Berlin, wadda ta raba birni ɗaya daga 1961 zuwa 1989, zai karanta darasinsa da wani ido daban. Ko wanda ba fanninsa ba ne, ranar da ya ɓace a garin da ba ya jin harshensu, ya tambaya, ya gane hanya da kansa, ya koyi wani abu game da kansa da zai amfane shi har tsufa.

Ba sai an yi nisa ba. Garin da ke awa ɗaya daga makarantarka, kasuwar ƙauye, gayyatar abokin aji zuwa gidansu, waɗannan sukan fi zagaya manyan birane biyar cikin mako guda amfani. Gari ɗaya da aka zauna aka kalla a natse ya fi biyar da aka ratsa a guje. Ka gaya wa iyayenka inda za ka, nawa zai ci, da inda kuɗin ya fito. Mafi yawan damuwarsu ta rashin sani ce.

Akwai hanyar yin zango ɗaya a wata ƙasa ta uku?

Akwai. Shirin Erasmus na Tarayyar Turai, wanda aka fara a 1987, yana ba ɗalibin da ke jami'ar da ke cikin shirin damar yin wata biyu zuwa goma sha biyu a wata jami'a, ba tare da biyan kuɗin makaranta ga jami'ar da ta karɓe shi ba, kuma ba sai ɗan Turai ba. Jami'o'in sauran nahiyoyi ma suna da yarjejeniyar musaya. Ka tabbatar a rubuce cewa za a lissafa maka makin da ka samo.

Inshorar lafiyata ta makaranta tana aiki in na fita daga ƙasar?

Sau da yawa ba ta aiki. Kuɗin lafiya da ɗalibi yake biya tare da bizar Birtaniya don asibitocin ƙasar ne. Wanda ke cikin inshorar gwamnati a ƙasar Tarayyar Turai yana samun katin lafiya na Turai, wanda ke taimakawa a asibitocin gwamnati na sauran ƙasashen, amma ba ya biyan kuɗin mayar da majiyyaci gida, kuma wasu ƙasashe ba sa karɓarsa daga wanda ba ɗan Turai ba. Inshorar tafiya ta 'yan kwanaki ba ta da tsada in aka gwada da kuɗin kwana ɗaya a asibiti. In za ka yi wasan zamiya a ƙanƙara ko hawa babur, ka duba ko an cire su daga cikin abin da ake biya.

Me ba a ɗauka a jaka?

Magani shi ne abin da aka fi mantawa. Abin da ake saya cikin sauƙi a wata ƙasa yana iya zama haramtacce a wata. Japan, Masar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suna da tsanani kan wasu magungunan kashe zafi. Ka bar magani a kwalinsa, ka riƙe takardar likita. Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da madara daga waje, Ostireliya kuma tana cin tara mai nauyi kan abincin da ba a bayyana ba. Tsabar kuɗi da ta kai yuro 10,000 wajen shiga Tarayyar Turai, ko ta haura dala 10,000 wajen shiga Amurka, dole a bayyana ta. Batirin cajin waya a jakar hannu yake tafiya, ba a cikin kayan da ake aunawa ba.

Wani ya roƙe ni in kai masa saƙo. In karɓa?

In ba ka buɗe ka ga abin da ke ciki da idonka ba, kada ka karɓa, ko wane ne shi. A wurin jami'an kwastan, duk abin da ke jakarka naka ne. Ƙin karɓa yana da nauyi, musamman ga wanda kake jin kunyarsa, amma mai gaskiya ba ya jin haushin a buɗe saƙonsa.

Makamancin wannan shi ne mai cewa a ba shi aron asusun banki, kuɗi zai shigo a tura gaba, a ba ka lada. Wannan safarar kuɗin haram ce, ɗalibai baƙi ake nema da ita, kuma mai asusun ake kamawa. Haka mai kiran waya da sunan hukumar shige da fice yana cewa a biya tara yanzu ko a kore ka: ka kashe wayar, ka kai rahoto makaranta.

Fasfona ya ɓace a ƙasar da na je ziyara. Yaya zan yi?

Ka je ofishin 'yan sanda mafi kusa ka karɓi takardar rahoto, sannan ofishin jakadancin ƙasarka. Ka sani cewa takardar gaggawa da wasu ofisoshin suke bayarwa ta komawa ƙasarka ce kawai, ba lallai ta mayar da kai ƙasar karatu ba. Ka sanar da jami'arka a ranar. Abin da yake sauƙaƙa komai shi ne hoton fasfo, biza da katin zama da ka ajiye a imel tun kafin tafiya. Lambar gaggawa ita ce 112 a Tarayyar Turai, 999 a Birtaniya, 911 a Amurka da Kanada.

Jirgi ya makara, ko jakata ba ta iso ba. Ina da haƙƙi?

A jiragen da suka tashi daga Tarayyar Turai, dokar 2004 ta ba fasinjan da ya isa a makare da awa uku ko fiye diyyar yuro 250 zuwa 600, gwargwadon nisan tafiya, sai dai in dalilin ya fi ƙarfin kamfanin, kamar guguwa. Game da jaka, kada ka bar filin jirgi sai ka cika takardar ƙorafi. Ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1999, jakar da ta lalace ana kai ƙara a rubuce cikin kwana 7, wadda kuma ba ta zo ba bayan kwana 21 ana ɗaukarta ta ɓace.

Ɗaliba za ta iya tafiya ita kaɗai?

Dubbai suna yi lafiya. Ki zaɓi jirgin da zai isa da rana, ki kama masauki tun kafin ki tashi, kuma masaukan matasa da yawa suna da ɗakunan mata zalla. Ki bar wa mutum ɗaya cikakken tsarin tafiyarki, ki raba kuɗi da katin banki wuri biyu. In zuciyarki ba ta kwanta da wani wuri ko wani mutum ba, ki tashi, ba sai kin ba kowa dalili ba. Wannan shawara ta shafi maza ma.

Ina cikin kewar gida, komai ya fita daga raina. Ni kaɗai ne?

Ba kai kaɗai ba ne, kuma ba rauni ba ne. Masanin halayyar al'umma Kalervo Oberg ya bayyana wannan yanayi tun 1960: farko ɗoki, sai gajiya da jin haushin komai, sannan sabo a hankali. Yakan tsananta bayan watannin farko, lokacin da sabon abu ya daina burgewa kuma aikin makaranta ya taru. A ƙasashen arewa hunturu yana ƙara nauyin abin. A ƙarshen Disamba hasken rana a Stockholm kusan awa shida ne, a Landan bai kai takwas ba. Hukumomin lafiya na Birtaniya suna ba da shawarar shan bitamin D a kaka da hunturu, masu duhun fata kuma duk shekara.

Ka riƙa fita da rana ko na minti ashirin ne. Ka nemi 'yan ƙasarku, domin jin harshenka magani ne, amma kada su zama duk duniyarka. Ka shiga ƙungiya ɗaya ta wasa ko ta sa kai inda za ka haɗu da 'yan ƙasar. Kiran gida yana da kyau, sai dai wanda yake kwana a waya da gida yakan zama baƙo a wurare biyu. In rashin barci, rashin cin abinci ko baƙin ciki ya wuce mako biyu, ka je wurin masu ba da shawara na jami'a. Galibi kyauta ne, kuma sirri ne.

In je gida a dogon hutu, ko in zauna?

In takardunka suna daidai kuma kuɗin bai fito daga na makaranta ba, ka je, musamman bayan shekarar farko. Kafin ka tashi ka duba abu huɗu: ranar ƙarewar fasfo, domin ƙasashe da yawa suna so ya rage aƙalla wata shida, ranar ƙarewar katin zama, takardar shaidar cewa har yanzu kai ɗalibi ne, don nunawa a iyaka, da kuma katin rigakafin cutar shawara in hanyarka ta bi ta ƙasar da ake nemansa, wanda tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Ka tambayi mai gida ko an yarda ka sa wani a ɗakinka lokacin da ba ka nan, domin yin haka ba da izini ba yana karya yarjejeniyar haya. In kuma bizarka za ta ƙare kana gida, ka kama ranar ganawa a ofishin jakadanci tun kafin ka bar makaranta, saboda a watannin da ke gab da buɗe jami'o'i layin yakan yi tsawo.